Martani: Rigar Ruwan Mai Hawan Dutse Ba Ta Manomin Simsim Ba Ce

Na karanta makalar da wani ɗan'uwanmu marubuci ya fitar gabanin faɗuwar damina, wadda ya yi a kan yadda mutum zai zaɓi rigar ruwa. Ya ambaci mutanen Gadarif ta Sudan, ya ce su suka fi kowa bukatar shawarar tunda rayuwarsu kacokan a fili take. Niyyarsa mai kyau ce, kuma da gani ya yi karatu a kan abin da ya faɗa. Sai dai da na kai ƙarshen makalar, na fahimci cewa rigar da ya zaɓa mana an ɗinka ta ne don wani mutum dabam, mai tafiya a wata ƙasa dabam. Shi ya sa na ga ya wajaba in mayar da martani, don kada wani ya sayar da buhun dawarsa ya sayi abin da ba zai kai shi watan Satumba ba.

Maganar wannan Malam ta tsaya ne a kan ƙafa uku. Ya ce abin da za a fara dubawa shi ne rashin nauyi, riga ta zama wadda za a naɗe a cusa a aljihu. Ya ce a nemi irin yadin nan na zamani da ke hana ruwa shiga amma yake barin gumi ya fita, ya kawo misali da Gore-Tex. Sannan ya ce a karanta lambobin da ke jikin takardar riga, a daure a sayi mai tsada sau ɗaya a huta, wai araha ba ta ado. A cikin haka ne ya yi wa masu lulluɓa da leda da tamfol shaguɓe, ya nuna abin kamar alamar ci baya ce.

Akwai inda ya yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Siririyar ledar da yara ke fasawa su zura kai ba ta kwana biyu, ta yage a jefar, akuya ko saniya ta haɗiye ta zame mata cuta. Rigar roba mai kauri da aka rufe ruf daga wuya har wuyan hannu tana dafa mutum a cikin guminsa. Kuma wanda ruwa ya jiƙa da yamma ya kwana da jiƙaƙƙun kaya a iska, musamman yaro ko tsoho ko mai fama da zazzaɓin cizon sauro, yana shan wahala ta gaske. Duk wannan mun yarda. Inda muka rabu shi ne maganin da ya kawo.

Bari mu fara da wurin da kansa. Simsim tana kudancin jihar Gadarif, cikin shimfiɗaɗɗiyar baƙar ƙasar nan mai laka wadda ta mayar da jihar rumbun Sudan. An fara noman tarakta a wannan yanki a Gadambaliya cikin tsakiyar shekarun 1940, sannan a 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman injina, Bankin Duniya ya ba da rancen da aka buɗe gonakin Simsim da shi. Aka yanka filaye manya-manya, faddan 1,000 zuwa 1,500 ga mutum guda. Tarakta ke yin huɗa da shuka, amma cire ciyawa, wanda ake kira kadib a nan, da yankan riɗi da girbin dawa duk hannu suke jira. Masu wannan hannu su ne 'yan ƙwadagon da ake ce wa jungo, da baƙin da ke tsallakowa daga Habasha ta Metema da Gallabat, da mazauna ƙauyuka, cikinsu har da Hausawa da Fulani jikokin mahajjatan ƙafa da na waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗannan su ne masu sa rigar ruwa a Simsim. Ba yawon buɗe ido ya fito da su ba, kuma ba su da zaɓin komawa gida idan hadari ya haɗu.

Shi kansa ruwan yana da halinsa. Damina tana kankama daga Yuni ta kai Oktoba, ƙarfinta a Yuli da Agusta. Birnin Gadarif yana samun kimanin milimita 600 a shekara, in aka gangara kudu kuma yakan kai 800 ko ya wuce. Yawanci da iska yake zuwa, da la'asar ko da dare, ya zuba da ƙarfi na ɗan lokaci ya ɗauke. Da rana zafi yana haura digiri 30 ko a tsakiyar Agusta, iska kuma cike take da laima. Ƙasar irin wadda mutanen Borno suka sani ce a kewayen tafkin Chadi, inda ake noman masakwa: da rani ta dare har ƙafa ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta zama taɓo mai riƙe takalmi, mota da tarakta su kafe. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, aiki tsayawa yake yi har ƙasa ta sha iska. Ke nan abin da ɗan ƙwadago ke nema daga rigarsa shi ne ta rufe shi da kayansa yayin da yake jiran ruwa ya ɗauke, sannan ta mayar da shi kambo, wato masaukin 'yan ƙwadago, ba tare da ta dafa shi ba.

Rigar da Malam ke yabo kuwa 'yar ƙasar sanyi ce. Tun lokacin da Charles Macintosh na Sikotlan ya yi rajistar yadinsa mai roba a tsakiya a 1823, masu ƙera rigunan ruwa a Turai da Amurka matsala guda suke kokawa da ita: mutum yana tafiya yini guda cikin yayyafi mai sanyi, in ya jiƙe sanyi na iya kashe shi. Mai hawan dutse yana ɗauke da abincinsa da shimfiɗarsa a baya, yana hawa tudu, don haka kowane giram yana da lissafi a wurinsa. Ga irin wannan mutum shawarar Malam daidai take. Wanda zai hau tsaunukan Simien a Habasha, inda Ras Dashen ya haura mita 4,500, ko Jabal Marra a Darfur mai sama da mita 3,000, ko tsaunin Mambila a Nijeriya, ya bi abin da aka ce masa. Amma Simsim fili ne mai zafi, ba tudu ba dutsen kirki, kuma nauyin da ke gajiyar da mutum a nan a ƙafarsa yake, lakar da ta manne masa.

Mu zo kan yadin da ke fitar da gumi, domin a nan ne makalar ta fi yin alkawari. A 1969 ne Bob Gore ya gano yadda ake miƙe wani nau'in roba har ya zama shara-shara mai ƙananan ƙofofi, aka fara sayar da kayan Gore-Tex a 1976. Ƙofofin sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururi yana iya ratsa su. Abin da Malam bai gaya wa masu karatu ba shi ne tururin ba ya fita haka kawai. Sai cikin rigar ya fi waje ɗumi da laima sosai kafin ya nemi hanyar fita. A kan dutse mai sanyi wannan bambanci babba ne, yadin ya yi aikinsa. A gonar riɗi cikin Agusta, bayan an ɗauke ruwa rana ta fito, waje ma zafi ne da laima, bambancin ya ragu ƙwarai. Mai cire ciyawa kuma gumin da yake zubarwa ya fi ƙarfin abin da kowane yadi zai iya fitarwa. Sai ya biya kuɗi mai yawa ya ƙare a jiƙe daga ciki, daidai da mai rigar roba. A ƙasar zafi abin da ke busar da jiki iska ce mai shiga ta fita, kuma wannan daga yankan riga yake zuwa, ba daga sunan yadi ba.

Akwai ƙari. Fuskar waɗannan riguna ana shafa mata wani sinadari ne da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Datti da maiƙon jiki da gugar kaya suna cinye shi, kuma da zarar ya tafi fuskar yadin takan sha ruwa, ƙofofin su toshe. Kamfanonin da kansu suna cewa a riƙa wanke rigar da sabulu na musamman, a sake fesa mata sinadarin lokaci-lokaci. Mutumin da ke zaune a kambo, yana wanki a bakin tafki da sabulun da ya samu, yana dirzawa da ƙarfi don fitar da baƙar laka, a ina zai sami wannan hidima? Rigar da ke bukatar kulawar da mai ita ba zai iya ba ta ba, ba tasa ba ce, ko da kyauta aka ba shi.

Rashin nauyi kuma ba a samunsa a banza. Rigar da ba ta wuce giram 200 ba an saƙa ta ne da zare siriri ƙwarai, kuma masu sayar da ita ba sa musun cewa ba ta jure guga. To a ina za ta yi aiki? Gefen gonaki da burtali da bakin rafukan da ke gangarawa kogin Rahad cike suke da dushe da dakwara da aduwa, itatuwan da ba su san komai ba sai ƙaya. Makiyayi yana kutsawa cikinsu bayan dabbobinsa. Mai kadib yana sunkuye yini guda, ƙotar fartanya na gugar cikinsa. Mai lodi yana saɓa buhu a kafaɗa. Ƙaya guda ta isa ta tsaga siririn yadin daga kafaɗa zuwa ƙugu, kuma in ya tsage ba telan da zai ɗinke shi ba tare da allura ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya ba. Yadi mai kauri da aka shafe da roba kuwa, in ya huje, mai facin taya zai manna masa ƙyalle da sholisho a ci gaba da aiki. A wurin da kasuwa ke da nisa kuma hanya ke yankewa da damina, abin da ake iya gyarawa ya fi abin da ba shi da nauyi.

Lambobin da Malam ya ce a karanta suna da ma'ana, amma ba su ne ke raba gardama ba. Idan aka rubuta milimita 10,000 ko 20,000, ana nufin an ɗora bututu a kan yadin an yi ta zuba ruwa har ya kai tsawon mita 10 ko 20 kafin ya fara tsatsowa. Gwaji ne na sabon ƙyalle a ɗakin bincike. Tamfol mai kauri da ake rufe buhuna da shi ba ya barin ruwa ya ratsa shi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar lambarsa. Duk wanda ruwa ya taɓa duka a fili ya san cewa ba ta tsakiyar yadi yake shiga ba. Ta wuya yake shiga, ta zif, ta layin ɗinki, ta hannu idan an ɗaga shi, ta inda ƙaya ta huda. Bugu da ƙari, takardar da ke rataye a jikin riga a kasuwanninmu kowa na iya buga ta. Jabun kaya masu ɗauke da manyan sunaye sun cika rumfuna, kuma wanda aka koya wa dogaro da suna da lamba shi ne ya fi sauƙin cuta.

Batun a sayi mai tsada sau ɗaya a huta shi ne ya fi ci mini rai. Irin waɗannan riguna na asali ana sayar da su daga dala 200 zuwa 500 a Turai da Amurka. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 darajar fam ɗin Sudan ta zube, man tarakta da iri da magani duk sun yi tashin gwauron zabo. Ko da mutum ya iya biya, hutun da aka yi masa alkawari ba zai samu ba. Layukan ɗinkin waɗannan riguna an rufe su ne daga ciki da wani tef da aka manna da zafi, kuma zafi da laima ne ke ɓanɓare shi. Rigar za ta yi wata bakwai a ajiye cikin akwati a ɗakin kwano, ta sha zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, sannan a fito da ita a Yuni. Wanda ya taɓa juya irin wannan riga a rumfar 'yan gwanjo ya ga tef yana lilo, shafen ciki yana zuba kamar dusa, ya san ƙarshenta.

Sai kuma yanka. Jaket ɗin mai hawan dutse a ƙugu yake tsayawa, domin an yi shi ne a haɗa da wandon ruwa. Mu kuwa mazanmu jallabiya suke sawa ko doguwar riga da wando, matanmu zane da mayafi. Ruwan da ya sauka a kafaɗa zai gangara ne kai tsaye ya jiƙa duk abin da ke ƙasa. Makalar ba ta ce komai ba game da matar da ke goye da jariri tana dawowa daga gona, ko yaron da ke rungume da littattafai, ko ɗan ƙwadagon da ke ɗauke da garin dawa da sukari da ashana da wayarsa a jaka guda. Idan garin ya jiƙe, abincin mako ya tafi. Matsattsiyar riga mutum ɗaya take rufewa, shi ɗin ma rabinsa.

Iyayenmu sun daɗe da fahimtar wannan. Kabido da ake saƙawa da kaba, a kifa shi daga ka har gwiwa, da malafar da makiyayi ke sawa, duk a kan dabara guda aka gina su: ruwa ya zame ta sama, iska ta shiga ta ƙasa. Ba cewa nake a koma saƙa kabido ba, ko da yake wanda ya iya bai yi asara ba. Cewa nake dabarar ta fi dacewa da ƙasarmu, kuma mayafin ruwa mai faɗi da ake zura kai ta tsakiyarsa shi ne magajinta. Mai lulluɓa da tamfol ba jahilci ya sa shi ba. Yana amfani ne da abu guda da zai zama riga da yamma, rufi da dare, shimfiɗar kakkaɓe riɗi a Oktoba. Kuma a jihar da ta karɓi 'yan gudun hijirar Tigray a sansanin Umm Rakuba tun Nuwamban 2020, ta sake karɓar ɗimbin mutanen da suka tsere daga Wad Madani a Disamban 2023, akwai iyalai da yawa da tamfol mai mita 4 a 5 shi ne duk ɗakinsu. Bai dace a yi wa irin wannan abu dariya a rubuce ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne makalar ta yi shiru a kan ƙafa. A Simsim mutum zai iya jure jiƙewar baya, amma ba zai iya tafiya ba in laka ta ƙwace masa silifa. Yini cikin taɓo yana jawo tsagewar fata da ƙaiƙayin tsakanin yatsu, ga ƙaya a ɓoye, ga maciji da ke fitowa da damina da lokacin girbi, wanda saransa sananniyar matsala ce a gonakin Gadarif. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi abu biyu ba, ya fara da dogon takalmin roba. Wannan ita ce shawarar farko da ya kamata a ba mutanen nan.

To me za a zaɓa? Ya danganta da aikin mutum. Mai kadib da mai goyo da ɗan makaranta su nemi mayafi mai faɗi da ya sauka ƙasa da gwiwa, mai hular da ake ɗaurewa da igiya, mai maɓallai a gefe don kada iska ta kwashe shi. Makiyayi ya nemi wanda yadinsa ya fi kauri, ya haɗa da malafa, domin hular roba tana toshe kunne, shi kuwa yana bukatar jin motsin dabbobinsa. Direban tarakta da mai babur su guji mayafi mai lilo, saboda sarƙa da taya da sandar inji mai juyawa suna kama tufa, kuma haɗarin hakan ya fi na ruwa nesa ba kusa ba. Su nasu riga da wando ne, masu ɗan yalwa, da buɗaɗɗen baya mai murfi inda iska za ta fita. Wanda zai tsallake rafi mai gudu ya tuɓe mayafin ya naɗe tukuna. Kada kuma a yi feshin maganin ciyawa da rigar ruwa sannan a kwana a cikinta ko a lulluɓe yaro da ita.

A kasuwa kuma hannu da ido sun isa. A juya rigar a duba layukan ɗinki: waɗanda aka narka aka haɗe sun fi waɗanda aka bi da allura aka bari a buɗe. A ɗaga ta a rana a ga ko haske na ratsowa ta wani wuri. A zuba ruwa a cikin hular a riƙe na ɗan lokaci. A ja gindin hannu da bakin aljihu, domin nan ake fara yagewa. In da zif, a tabbata akwai murfi a kansa, maɓalli kuma ya fi zif jure laka. A gwada ta a kan kayan da za a sa, a sunkuya, a ɗaga hannu. In ta yi danƙo ko tana warin da ya canza, ta tsufa, a bar ta. Launi mai haske ya fi baƙi, don ba ya tara zafi kuma direba zai hango mutum cikin duhun hadari.

Malam, ban rubuta wannan don in rage maka daraja ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shawarar da za ta amfani mutane sai ta fara da tambayar wane aiki suke yi, wane ruwa ke dukansu, nawa ke aljihunsu. Da ka fara daga nan, da alƙalaminka ya juya ga waɗanda nauyin ya rataya a wuyansu. Mai gonar faddan dubu da ke ba ma'aikata gari da mai da busasshiyar kuɓewa, ya sa takalmin roba da mayafin ruwa cikin kayan aiki, kamar yadda yake sa lauje. 'Yan kasuwar Gadarif da Doka da Hawata su shigo da yadi mai kauri kafin hanya ta yanke. Telolinmu su koyi yankan mayafi da manne layin ɗinki, sana'a ce da ke jiran mai kama ta. Idan ka sake ɗaukar alƙalami a kan wannan batu, ina roƙon ka taya mu matsa wa waɗannan mutane lamba, domin a hannunsu maganin yake. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare masu nema a cikinta.